Mita Ɗari Tara

Ni na zaɓar wa Baba masauki a Makka, ina zaune a kan benci a ƙofar gidanmu, a ƙauyenmu da ke bayan Bagwai, waya a hannu, ina hura hanci. Malamin firamare ne ni, kuma duk abin da aka rubuta da boko a gidanmu ni ake miƙo wa. Ban taɓa wuce Kaduna ba, amma ranar babu wanda ya tuna da haka, har ni.

Baba, Malam Muhammadu Sani, ya haura saba'in, gwiwoyinsa sun daɗe suna yi masa gardama. Hajji ya fi ƙarfinmu, shi ya sa da kaka ta yi kyau ya sayar da shanunsa na huɗa ya ce Umra zai tafi. Yayata Furera, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ita za ta raka shi. Buƙatarsa ɗaya ce, ya kuma faɗe ta har mun haddace: kwana bakwai ɗin da zai yi a Makka, kowace salla a cikin Harami yake so ya yi ta, idonsa a kan Ka'aba.

Mutumin da ke shirya musu tafiyar ya turo mini otal uku ta waya. Na farko yana bakin Harami, kuɗinsa kuwa sai mun haɗa da gonar. Na biyu yana da nisa, sai an shiga bas, Baba ya ce shi bai tara kuɗi don ya je ya yi layin mota ba. Na ukun shi ne mafi araha, ga hoton gado fes, ga famfo, a ƙasa an rubuta: mita ɗari tara zuwa Harami.

"Mita ɗari tara kamar daga ina zuwa ina ke nan, Khalilu?" in ji Baba.

Nan na nuna ilimina. Na hau babur ina kallon mitarsa, daga ƙofar gida na bi burtali, ta cika daidai gindin tsamiyar gonar Ja'afaru maƙwabcinmu. Baba ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce wannan ai ko tunkiyarsa tana zuwa ta dawo kafin a ɗaura alwala.

Wata guda cur ya yi yana gwaji. Sau biyar a rana zai ɗauki sandarsa ya tafi tsamiya ya dawo, masu sussukar dawa suna tsokanarsa, "Malam, tun a nan aka fara safa da marwa?" Shi kuma sai ya ɗaga musu sanda yana murmushi. Na ga ƙafar ta saki, na biya kuɗin otal ɗin, har rara ta saura ta dabino da carbi na tsaraba. Aka yi ta sa mini albarka, ni kuma ina karɓa.

Ƙasarmu a shimfiɗe take kamar tabarma. Tudun da ya fi tsayi a ƙauyenmu shi ne jujin bayan makaranta. Ni da bakina na sha koya wa yara cewa Makka kwari ce a tsakanin duwatsu, amma da na ga lamba a waya, sai na auna ta a kan burtali. Har gobe in na tuna wannan wauta sai in ji kamar in mari kaina.

Bayan sun isa kullum sai na kira da hantsi.

"Baba, ya masauki?"

"Alhamdulillahi, ɗaki ya yi kyau, akwai ruwa."

"Ana ta ibada?"

"Ana yin abin da ya sawwaƙa. Ya ƙannenka?"

Baba bai taɓa ƙarya ba, ni ne ban iya saurare ba. In na nemi Furera sai ta ce tana wanki.

Ranar Juma'a, kwanansu shida a can, muna fitowa daga masallaci ta kira. Ban gane muryarta ba sai da ta ambaci sunana. Baba ya rasu.

Ƙauye ya cika da 'yan ta'aziyya, amma rabin zaman taya murna ne. Liman ya ce mutuwa a ƙasa mai tsarki, ranar Juma'a, ba kowa Allah yake yi wa wannan gata ba. Ja'afaru ya riƙe hannuna ya ce na gama wa mahaifina komai, kuma in Allah ya hore masa, otal ɗin nan zan nemar masa. Ina kuka, amma can a raina ina jin sanyi, ina ganin na sauke nauyi.

Furera ta dawo bayan kwana huɗu, ta rame, ƙafafunta sun kumbura. Sai da matan unguwa suka watse da la'asar ta kira ni ɗakin Baba. Ko zama ba ta ce in yi ba.

"Kai da ka iya karatu, ba su rubuta maka cewa a kan dutse yake ba?"

Na ce wane dutse.

"Dutse, Khalilu. Matakala ce tun daga titi har ƙofar otal ɗin, lungu ne, mota ba ta shiga, ko keken guragu ba ya hawa. Ranar farko mun gangara ya yi Umrarsa. Dawowar awa biyu muka yi, yana hawa yana zama, matakalan ƙarshe da rarrafe. Da gari ya waye gwiwar ta zama kamar tulu."

"To sallolin fa?"

"A ɗaki, a zaune. Yana jiyo kiran salla sarai, sai ya sa in buɗe masa taga, tagar ma bangon wani gini take kallo. Ya bi liman da baki yana hawaye. Na ce zan kira ka in zage ka, ya ce in na gaya maka bai yafe mini ba, wai yaron ya yi iya ƙoƙarinsa."

Na dafa bango.

"Ranar Juma'a ya ce ko da jan ciki sai ya je. Mun yi rabin matakala ya zauna ya ce ƙirjinsa. Shi ke nan."

Sai na kama abin da Liman ya faɗa, na ce ai dai an sallace shi a Harami.

Ta dube ni, idonta a bushe.

"An sallace shi. Sau biyu Baba ya shiga Harami, Khalilu. Na farko da ƙafarsa, na biyu a kafaɗar mutane."