Fulin Da Bai Iso Ba

Aikin bai kai na awa ɗaya ba, kuma Mai Kunne ya san haka tun ranar farko.

Shekara arba'in ya yi yana gyaran mota kafin ciwon gwiwa ya sa ya rufe gareji ya dawo gida. Laƙabin ma a wurin aiki ya samo shi. Sai ya ɗora bakin sukudireba a jikin inji, ya manna kunne a ƙotar, ya lumshe ido, ya faɗa maka abin da ke damun motarka kafin ka gama gaisuwa. Don haka ranar da motar autarsa ta fara ihu a ƙofar gida, tana shirin komawa garin da take aiki bayan ziyarar kwana biyu, ko sukudireban bai nema ba.

"Kashe ta, Auta. Fulin tenshina ne."

"Mene ne kuma wannan, Baba?"

Ya ɗaga bonet ya nuna mata. Motar irin mai sufacaja ce, wata na'ura da ke zaune a saman inji tana ɗura masa iska don ya ƙara ƙarfi, bel ne kuma ke juya ta. Can ƙasa akwai wani ɗan wili da bai fi tafin hannu ba, shi ne fulin, aikinsa ya danne bel ɗin kada ya saki. Boris ɗin cikinsa, wanda yake juyawa a kai, ya bushe, har robar ta fara narkewa.

"In kika hau titi haka, bel ya tsinke, a hanya za ki kwana."

Ta tafi a motar haya. Ta ce za ta sayi sabo ta waya a kawo masa har gida, in ya gyara sai ta turo direba ya kai mata motar.

Washegari da ƙarfe ɗaya, lokacin hutun cin abincinta, wayarsa ta yi ƙara.

Tun rasuwar mahaifiyarta, shekara huɗu ke nan, uba da 'ya ba su iya hira ba. Ba faɗa suka yi ba. A da uwar take kira su kwashe awa suna zuba, shi kuma rabonsa "a gaida Baba". Da uwar ta tafi, sai kiran ya koma sau ɗaya a wata: ya jiki, ya gwiwa, ka sha magani, to sai an jima. Yana son yarinyar kamar ransa, amma da ya ji muryarta sai kansa ya zama fanko. Yanzu kuwa ga mota a tsakani. Ta tambayi fuli, ya yi bayanin boris, daga boris aka koma kan wata tsohuwar mota da ya taɓa gyarawa, daga nan ta ba shi labarin shugabanta mai atishawa kamar ana tayar da janareta. Da ya duba wayar, minti ashirin da shida.

A rana ta uku wani mai babur ya kawo ɗan kwali. Ya miƙo waya ya ce a sa hannu da yatsa a kan gilashin. Mai Kunne ya yi, yana mita cewa wannan ba sa hannu ba ne, tonon kaza ne. Ya buɗe kwalin. Fulin ne, daidai lambarsa. Ya juya shi da yatsa, ya ji shi dam, ba ƙara ko kaɗan. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya kai shi kicin ya tura bayan gwangwanin sukari.

"Baba, ya iso?" in ji ta da ƙarfe ɗaya.

"Bai iso ba."

Bakin ne ya faɗa, bai yi shawara da shi ba. Mutumin da a shekara arba'in bai taɓa ce wa mai mota ya canza abin da bai lalace ba, yau ga shi yana shirga wa 'yar cikinsa ƙarya a kan ɗan wilin roba. Kunya ta kama shi, amma ba ta hana shi maimaitawa washegari ba.

Haka aka ci mako biyu. Da safe ya wanke motar da ba ta zuwa ko'ina, ya goge gilashi, ya duba mai, ya duba iskar taya. Sha biyu da rabi ya sha shayi a tsaye, ya jawo kujerar roba kusa da motar, ya ɗora wayar a cinya. Ɗakuna uku na gidan kuwa suna nan shiru, agogon falo kaɗai ke aiki a ciki.

Tela maƙwabcinsa ya leƙo ta katanga wata rana, da tef a wuya.

"Mai Kunne, har yanzu? Ko kunnen ne ya yi ritaya shi ma?"

"Kai da wando ɗaya ke kwana wata guda a shagonka, kai ne za ka yi mini maganar jinkiri?"

Tela ya yi dariya ya koma. Maganar ta yi masa zafi, amma zai iya haɗiye ta.

Abin da ya kasa haɗiyewa ya zo ne a rana ta goma sha bakwai. Tana cikin magana ta kauda bakinta daga wayar ta yi tari. Ta yi ƙoƙarin ɓoyewa, amma wa za a ɓoye wa ƙara?

"Wannan tarin daga ƙirji yake. Tun yaushe?"

"Ba komai, Baba. Ruwa ne ya dake ni a tashar bas shekaranjiya. Sai a yi awa guda ana jira."

Ranar bai iya ƙarasa hirar ba.

Da hantsi washegari ya fito da akwatin kayan aikinsa. Ya yagi murfin kwalin, ya zana hanyar da bel ya bi, ta kan wane wili, ta ƙarƙashin wane, don ya ga manyan makanikai sun yi kuka a kan wannan. Ya ɗaura dogon sifana a jikin tenshina, ya danna da ƙarfinsa duka, ya zame bel ɗin da ɗaya hannun. Aiki ne da ke son hannu uku, shi kuma biyu gare shi, sai ya tokare sifanan da ƙugunsa. Noti ɗaya ne tak. Tsohon fulin ya faɗo a tafinsa da baƙin gari, da ya juya shi sai ya yi karaf-karaf kamar tsakuwa a gwangwani. Ya goge wurin, ya ɗora sabon, ya ɗaure. Ya bi bel ɗin da yatsa ko akwai tsaga, babu. Ya mayar da shi yana bin zanen, ya saki sifana a hankali.

Ya tayar da motar. Ihu ya tafi, sai siririn fito na sufacaja, lafiya lau. Minti hamsin. Bai taɓa gama aiki mai kyau ya ji baƙin ciki irin na ranar ba.

"Ya iso," ya ce da ƙarfe ɗaya. "Na ɗaura. Turo direban." Ya yi gyaran murya. "Auta, gaskiya ya kwana biyu da isowa."

"Na sani, Baba."

"Kin sani?"

"Ranar da ka sa hannu wayata ta nuna mini. Har sa hannun naka na gani, kamar tonon kaza."

Ya zauna a kujerar robar.

"To me ya hana ki faɗa?"



"In na faɗa, Baba, me zan ce maka in na kira?"

Direba ya zo da safe, ya karɓi makulli, ya tafi. Inda motar ta tsaya ya bar wani busasshen wuri mai kusurwa huɗu, da ɗigon mai guda. Mai Kunne ya share wurin duk da ba datti. Sha biyu da rabi ya sha shayinsa, ya jawo kujera kusa da inda babu mota, wayar a cinya, mataccen fulin a hannu yana juya shi.

Ƙarfe ɗaya ta yi. Ta wuce da minti biyar, da goma. Ya ce wa kansa ai dama an gama, yarinya tana da aikinta. Ƙarfe ɗaya da kwata wayar ta yi ƙara.

"Baba."

"Auta."

Sai shirun nan nasu na da ya dawo ya zauna a tsakani. Yana jin numfashinta, yana jin cokali yana taɓa kwano.

"Wannan tsohon fulin," ta ce a ƙarshe, "ka jefar?"

"Yana hannuna."

"Wai me ya kashe shi ne?"

Ya share idonsa da bayan hannu, ya bar baƙin giris a kumatu.

"Gyara zama," ya ce. "Bayanin da tsawo."