Jan Zare a Wuyan Dodo

"Na ce na ɗaure shi, Lauya! Kallona zai yi, ba Tela ba."

Mai Walda ne ke magana, hannu ɗaya a kan tebur, ɗayan a ƙirjinsa. Duk Asabar da yamma suke haɗuwa a garejin Lauya, su uku da furfurarsu, shi da Lauya da Tela, suna yaƙi da dodanni a kan kwali. Lauya ne alƙalin wasan, domin nan ne kaɗai kotun da ba a taɓa ɗage masa ƙara ba. Mai Walda, maƙwabcinsa na katanga ɗaya, shi ne garkuwa: in ya ɗaura wa dodo jan zare, dole dodon ya bar kowa ya fuskance shi. Sojojin wasan ma shi ya ƙera su da noti da guntun waya.

"Bari in ɗan kishingiɗa a gida," in ji shi. "Amma zaren yana nan. Kar ka taɓa mini Tela, ransa saura ƙiris."

"Wanda ya bar tebur, zarensa ya bi shi," in ji Lauya.

"A ina aka rubuta?"

"Ni da na yi shekaru ina karanta doka kake tambaya? Fushi ne kawai, don ka ga za a ci ku."

Tela ya yi dariya. "Yaya, ka sha kanwa, kumburin ciki ne."

Mai Walda ya miƙe. Ya fita yana dafa bango, kuma Lauya ya gani sarai. Sai dai a lokacin yana fama da ƙullin zaren, wanda aka ɗaure kamar ba za a mutu ba. Ya kwance shi, ya jefa ɗan lido, dodo ya kayar da sojan Tela. Ya ma ɗaga murya don hukuncin ya tsallaka katanga.

Kafin su tattara kofuna, ihun matar Mai Walda ya tsallako.

Bayan an binne Mai Walda, Lauya ya daɗe bai buɗe garejin ba. Ran da ya buɗe, Tela ya same shi zaune da littafin dokokin wasan, tabarau a ƙarshen hanci.

"Me littafin ya ce?" in ji Tela.

"Zare yana nan har sai garkuwa ya gama zagayensa na gaba." Lauya ya rufe littafin. "Babu maganar barin tebur."

"To ai zagayensa bai zo ba..." in ji Tela.

Lauya ya tayar da sojan Tela, ya hure masa ƙura. Ya lalubo zaren a ƙarƙashin kujera. Yatsunsa na biro ne, sai da ya yi ta kuskure kafin ƙullin ya kama. Sannan ya juya dodon a hankali, har ya fuskanci kujerar Mai Walda da ke kusa da ƙofa.