Zaren da Ya Ƙi Shan Rini

Subhan ya ɗago mayafin daga tukunya da sanda, ruwan ɓawon rumman na zuba yana tiriri. Ko kallonsa bai yi ba, bakinsa na kan aiki.

"Shekara hamsin da biyu, Ramzan! Ambaliya ta ci gidan nan, dokar hana fita ta rufe mu wata huɗu, ban taɓa ɓata ƙyalle ko na goge hanci ba. 'Yan rinin kwalba su zo su ɗauki darasi."

Ramzan masaƙi, abokinsa tun suna yawo ba takalmi a lungunan Srinagar, yana tsugune da kaskon wuta cikin riga. Ya ce, "Ka cika baki, tsohon banza. Shanya mu gani."

Subhan ya shanya. Ruwan zinariya ya hau lallausan gashin akuyar pashmina yadda ya saba, amma daga tsakiya zuwa gefe wasu siraran layuka sun fito fari fat. Ya matso da ido. Ya murza da yatsa. Rinin itace ba ya kama zaren roba na inji, kowane marini ya san haka.

"Wa ya kaɗa zaren nan?"

"Taja mana."

"Taja matarka, ko wata Tajar a masana'anta?"

Ramzan ya sunkuyar da kai. "Yatsunta sun ƙage tun sanyin bara. Ko kofin shayi sai na riƙe mata. Rabin zaren kawai ta iya kaɗawa. Na zaga unguwa uku, ba macen da ke kaɗi yanzu. Sai na sayo sauran a shago, mai shagon ya rantse mini gashi ne zalla."

"Kai kuma ka yarda, da furfurarka!"

Wata bakwai Ramzan ya yi a kan saƙar nan. Alhaji Altaf ne ya sa aikin, shi kaɗai ya rage a kasuwa mai sayen saƙar hannu, kuma wanda ya kama da zaren inji sau ɗaya, ya rabu da shi har abada. Ga shi kuwa yana shigowa, yana kakkaɓe dusar ƙanƙara daga kafaɗa.

Ya tsaya gaban igiya, ya daɗe. "Baba Subhan, mene ne wannan?"

Ramzan ya buɗe baki. Subhan ya taka masa ƙafa.

"Ni ne, Alhaji. Ban wanke maiƙon ya fita ba kafin in tsoma. Idon ya fara tafiya."

"Kai? Kai da ka hana mu sakat da labarin hannunka?"

"To, yau ka ji ƙarshensa."

Alhaji ya girgiza kai. "Na daɗe ina kare ka a kasuwa. Ramzan, ɗauki kayanka ka kai wa yaran bakin gada, su zuba masa baƙi na kwalba, zai rufe. Daga yau can za a riƙa kaiwa."

Da ya fita, Ramzan ya ninke mayafin da danshinsa.

"Subhan…"

"Tafi, kar ya bushe. Ka gaida Taja."

"Na gaba fa? Wa zai kaɗa mini?"

Subhan ya koma gaban murhu. Akwai sauran rini mai kyau a tukunya, wanda zai ishi mayafi uku. Ya janye itacen daga murhu ɗaya bayan ɗaya, ya tsoma su a ruwa.