Karatu Kaɗai

Muryar mahaifiyar Khaulat tana cikin laftof ɗin nan, kuma babu ita a ko'ina a duniya. Bidiyo bakwai ne Khaulat ta ɗauka kafin rasuwar mahaifiyar tata bara. Yanzu na'urar ta fara daskarewa, fayiloli suna buɗewa babu komai a ciki.

Khaulat ta kira Nasser, mai gyaran kwamfuta a kasuwar Hédzranawoé, ta sa wayar a sifika.

"SSD ɗinki, ma'ajiyar fayilolin, shi ne yake mutuwa," in ji shi. "Ya shiga lecture seule, wato karatu kaɗai ya rage masa, ba ya karɓar sabon rubutu. Kashe shi, ki kawo min bayan azahar."

Kakarta, Hajiya Kulsum, tana gefe tana tsince shinkafa. Kalma ɗaya ta kama.

Da Khaulat ta dawo daga aike, sai ta tarar da malamai uku a tsakar gida suna karanta Yasin. Laftof ɗin na kan darduma a buɗe, a kunne, ya yi zafi kamar murfin tukunya.

"Hajiya! Wa ya kunna shi?"

"Ba mai gyaran ne ya ce karatu ya rage ba? To ga karatu. 'Yata ce a ciki, ke 'yar nan, ba taki kaɗai ba."

Khaulat ta rungume na'urar a cikin mayafinta, ta tare zemijan, mai babur, tana kuka tana ce masa ya yi sauri.

Nasser ya zaro SSD ɗin, wani ɗan abu mai tsawon yatsa, ya jona a tasa kwamfutar. Bidiyo na farko ya ƙi kwafuwa. Na biyu ma haka.

"Yana ɗaukewa," ya ce a hankali. "Wataƙila ɗaya zan samu. Wanne?"

Akwai na ranar Sallah, minti ashirin. Akwai wani ƙarami da ba ta ma tuna da shi ba.

"Ƙaramin ne zai fi tsira, Khaulat."

Ta runtse ido. "Ɗauko shi."

Layin da ke nuna kwafin ya ja, ya tsaya, ya sake ja. Sai abin ya ɓace daga allo gaba ɗaya.

Daƙiƙa goma sha ɗaya suka tsira. Madafa ce, hayaƙi, da murya mai dariya: "Khaulat, ajiye abin nan ki zo ki juya min tuwo!"

Ta saurara sau uku. Sannan ta share fuska.

"Tura min a waya. Hajiya tana jira."