Soso a Kafaɗar Kwat

Shekara goma sha tara telar kamfanin fim tana ɗinka wa wan mijinta kayan wasa. A ɗakinta, inda keken ɗinki da teburin guga suka cinye rabin wuri, ake yanke yadda mugu zai fito. Shi kuwa kullum mugun ake ba shi: mai gidan haya marar imani, manaja mai korar ma'aikata. Takan faɗaɗa masa kafaɗar kwat, ta matse wuyan riga, har in ya shigo sai ka ga ɗaki ya yi masa kaɗan. 'Yan kallo na kiransa Dodo, alhali a gida ko kaza ba ya iya yankawa.

Wajen awo ta fara gane akwai matsala. Ƙugunsa ya ragu da inci biyu, bayan wata guda wasu inci uku suka sake tafiya. Da ta tambaya sai ya yi dariya, ya ce matarsa ce ta rage hannu a tukunya. Sai ranar da ba kowa a ɗakin ya faɗa mata abin da likita ya gani a hanjinsa.

"Ki rufa min asiri, ƙanwata, ko ƙanena kada ya ji. In maganar ta fita, an daina kirana aiki ke nan."

"Yaya, har yaushe?"

"Har ranar da ƙafa ta ƙi ɗaukata."

Ta shiga cusa soso a kafaɗu, tana ninka shafi a ƙirji, tana ɗaga kwala don ɓoye ramar wuya. Fim biyu suka fita a haka, ba wanda ya lura.

Sai sabon darakta ya zo da labarin attajirin da ya karye, ya ce Dodo yake so. Ya umarce ta ta nemo kayan da za su yi masa yawa, don a ga duniya ta juya wa mutumin baya. Ta kalli wan mijinta, ya gyaɗa kai. Ba ta ɗinka komai ba. Tsohon kwat ɗinsa ta ɗauko, ta farke shafin da reza, ta zare soson.

Da ya tsaya gaban kyamara, hannun kwat ya rufe masa yatsu, kafaɗun sun zube. Darakta ya tafa mata, ya ce bai taɓa ganin tela mai ido irin nata ba. Ta koma ɗaki ta zauna gaban keke, ta kasa taka shi.

Saura fitowa uku a gama ya yanke jiki ya faɗi a matakala. Kwanansa shida a asibiti ya rasu.

Bayan mako biyu darakta ya turo mata direban kamfanin, wanda tsayinsu ɗaya da marigayin, ya ce shi zai ƙarasa fitowar da ta rage, ta baya za a ɗauke shi. Direban mai jiki ne, kwat ɗin ya zauna masa cif, abin da bai dace da labarin ba. Dole ta yanka sabon yadi ta ɗinka wani babba, ta yi ta dirzarsa a ruwa har ya koɗe.

Mijinta kuwa, tun da ya ji ta san ciwon shekara guda ba ta faɗa masa ba, gaisuwa kaɗai ke haɗa su.