Yogot ɗin da na ba Baba

A gidanmu "Likita" ake kirana, don kawai na yi shekara shida ina sayar da magani a kemis. Sunan ya hau mini kai, shi ya ja mini.

Da aka ce za a zura wa Baba na'ura a duba hanjinsa saboda jinin da yake gani a bayan gida, ni na raka shi asibiti. Likitar ta rubuta masa kafso mai ƙara wa ciki ƙwayoyin halitta masu amfani, ya sha na 'yan kwanaki ko kumburi zai yi masa sauƙi. Ta kuma ba shi garin wankin ciki, a dama a ruwa lita huɗu. Ta ce ana gobe aikin, ban da ruwa garau kada komai ya shiga bakinsa. Tun ba ta rufe baki ba nake gyaɗa kai, ni a dole na sani.

Ranar jajibirin aikin, kafin la'asar Baba ya sha lita biyu, ya yi ta zaryar banɗaki. Ya zauna a bakin gado riƙe da ciki.

"Likita, ki taimaki tsohonki," in ji shi. "Ruwan gishirin nan zai kashe ni tun kafin ciwon."

Tausayi ya kama ni, ga iyayi. Na ce ai abin da ke cikin kafson nan shi ne a yogot. Na sayo babbar roba, har mai 'ya'yan itace, ya shanye yana sa mini albarka. Sauran ruwan na tuttular a rariya.

Washegari likitar ta fito ranta a ɓace. Hanjin bai wanku ba, ba ta ga komai ba, sai an sake. Ta tambayi wa ya ba shi abinci. Zan buɗe baki Baba ya riga ni.

"Ni na sha a ɓoye, 'yata ba ta sani ba."

Na bar shi ya sha faɗan shi kaɗai.

Daga nan ya ƙi komawa. In na yi magana sai ya ce ya sha rabonsa. Sai bayan wata goma sha huɗu, da rama ta yi yawa, ya yarda. Aka ga ƙarin ciwon daji a hanjin, ya riga ya bazu.

Har ya rasu bai taɓa ta da zancen ba. Ƙannena suna cewa taurin kan Baba ne ya jawo. Har yau Likita suke kirana, ina amsawa, kuma na kasa gaya musu.