Ƙofar da Norman Ya Cire

Ba komai ya ja Dennis Haigh da matarsa Lorna zuwa gidan nan na bayan garin Burnley ba illa ɗakin gilashin da ke manne da kicin. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da Lorna a keken guragu, duniyarta ba ta wuce falo da talabijin ba. A nan kuwa, daga kicin har ɗakin gilashin babu ƙofa, babu tudu, daɓe ɗaya ne. Ranar da suka zo duba gidan, da hannunta mai lafiya ta tura keken ta shige tsakanin tukwanen tumatir, ta ɗaga fuska tana shan hantsi.

"Daga nan za a ɗauki gawata, tsoho," in ji ta.

"Bari mu saya tukuna, sarkin gaggawa."

Suka sa nasu gidan a kasuwa, aka samu mai saye. Ana shirin sa hannu sai lauyarsu, Misis Pargeter, ta bugo waya. Irin wannan ɗaki, ta ce, muddin akwai ƙofa mai ƙarfi tsakaninsa da gida, ba ruwan hukumar gine-gine da shi. Amma ran da aka cire ƙofar ya zama ɗakin gida, sai da izini, kuma masu gidan ba su nema ba.

"Inshora za mu yi wa ɗakin," in ji ta, "bankin da zai ba ku rance zai yarda. Kai dai ka zauna shiru."

Dennis dai rayuwarsa ta ƙare a tuƙin bas, bai taɓa tsayawa inda aka hana tsayawa ba. Zama shiru a kan abin da ba daidai ba, gani yake kamar ƙaya a takalmi. Ya ɗauki waya ya kira ofishin ƙaramar hukuma, wai ya ji ta bakinsu. Yarinyar da ta amsa mai ladabi ce. Ta nemi adireshin, ya ba ta, har ya maimaita mata.

"Ka yi me?" in ji Misis Pargeter da ya gaya mata.

"Tambaya kawai na yi."

"Mista Haigh, inshorar nan tana yiwuwa ne in hukuma tana barci. Kai ka je ka tashe ta, har ka nuna mata gidan. Babu kamfanin da zai karɓa yanzu."

Garin neman gira ke nan aka rasa ido. Jami'in hukuma ya zo, ya ƙwanƙwasa nan, ya leƙa can. Hukuncinsa biyu ne: ko a rushe ɗakin a sake shi bisa ƙa'ida, ko a mayar da ƙofa yadda take.

Mai gidan, wata tsohuwa Beryl Threlfall, ta kai Dennis gareji. Ga ƙofar nan a bayan injin yankan ciyawa, har da firam ɗinta.

"Mijina marigayi Norman ko ƙusa ba ya yarwa," in ji ta.

Dennis ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. "To me ya sa ya cire ta?"

"Shekarar da ƙafafunsa suka ƙi ne, ɗana. Kekensa ba ya wucewa."

Dennis ya auna faɗin ƙofar, ya koma gida ya auna keken Lorna. Ya sake aunawa, keken ya fi ƙofar faɗi. Ja da baya kuma babu, masu sayen gidansu sun riga sun ɗaure kaya.

Sun tare da kaka, ganye na zuba. An mayar da ƙofa, jami'i ya gani ya amince. Da safe Lorna ta turo keken, ƙafafunsa suka daki firam ɗin. Ta ja baya, ta karkata, suka sake duka. Sai ta tsaya nan bakin kicin tana kallon rana a kan tumatirin da Beryl ta bar mata.

"Zan riƙa ɗaukar ki," in ji Dennis.

"Da wannan bayan naka? Mu faɗi mu biyu, wa zai ɗaga wani?"

Ya dubi ƙofar, ya dubi keken.

"Sukudireba na cikin durowar cokula, tsoho. Ka ajiye ƙofar a gareji kamar Norman. Wannan karon kuma ka bar waya ta huta."

Ya ɗauko. Ya sa bakin sukudireban a kan ƙusa ta farko. Ofishin nan na da adireshinsa, shi ya ba su da bakinsa. Ya ɗaga kai, sai ga maƙwabci a tagar bene riƙe da kofin shayi, yana kallonsu ta rufin gilashin. Mutumin ya ɗaga masa hannu.

"Murɗa mana," in ji Lorna.

Ya murɗa.